Kafin Ka Kwarmata Almundahana a Ofis, San Inda Doka Ta Tsaya

A watan Disamba na 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, gwamnatin tarayya ta fito da tsarin kwarmata bayanai. Duk wanda ya tona inda aka ɓoye dukiyar gwamnati, aka kuma ƙwato ta, za a ba shi tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Da hukumar EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi cikin Afrilun 2017, sai hankalin jama'a ya koma kan tukuicin kacokan. Ba a cika gaya wa ƙaramin ma'aikaci cewa wannan tsari ne na gwamnati ba, majalisa ba ta mayar da shi doka ba. Majalisar zartarwa ta amince da daftarin dokar kare masu kwarmato a ƙarshen 2022, amma har majalisar dokoki ta tara ta kammala wa'adinta a 2023 bai zama doka ba. Ghana kuwa tana da tata tun 2006.

Shi ya sa bita da ƙulli ke da sauƙi. Ba wanda zai rubuta maka cewa an hukunta ka ne don ka tona asiri. Takardar tuhuma za ta zo kan makara, ko rashin ladabi ga na gaba. Sai ƙarin girma ya maƙale, fayil ɗinka ya ɓace, ko a tura ka wata jiha mai nisa a tsakiyar zangon karatun yara. Abokan aiki su fara ja da baya, ana raɗa cewa kai ne mai zuba wa mutane ƙasa a abinci. A 2017 an kori wani babban jami'i a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje bayan ya kai ƙorafi kan karkatar da kuɗi. An mayar da shi aiki daga baya, amma sai da ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida suka yi ta matsa lamba.

Duk da haka ba a bar ka haka siddan ba. Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare jami'in gwamnati da ya fitar da bayanin da yake da hujjar gaskata cewa yana nuna zamba, ɓarnar kuɗi ko amfani da muƙami ba daidai ba, ko da za a yi masa barazana da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Dokar ICPC ta 2000 ma ta hana bayyana sunan mai kai rahoto. A ganina, abin takaici ne yadda ma'aikata da yawa suka haddace rantsuwar riƙe sirri amma ba su taɓa jin labarin sashen nan ba.

Don haka shiri kafin magana. Ka tanadi kwafin takardun da aikinka ya ba ka damar gani, ka rubuta ranaku da lambobin baucoci, ka ajiye su a wajen ofis. Kada ka yi amfani da kwamfutar ofis, kuma kada ka fara da Facebook. Ka kai wa ICPC ko EFCC a rubuce, ka karɓi shaidar sun karɓa. Takardunka na yabo da na ƙarin girma ma ka adana su, domin su ne za su nuna cewa laifinka bai fara ba sai bayan ka yi magana. Abin da ka gani da idonka kaɗai za ka faɗa, saboda rahoton ƙarya da gangan yana kai mutum gidan yari.

In an dakatar da kai ko an kore ka, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ka ga lauya a makon da takardar ta iso, don lauyoyin gwamnati kan nemi a kori ƙara da hujjar cewa an wuce wata uku kafin a shigar da ita.