Yadda za a raba gareji da tsuntsaye ba tare da guba ba

Mutum ya wanke motarsa da yamma, ya shigar da ita gareji ya kulle. Da safe sai ya tarar da farin kashi a kan gilashi da rufin motar, ga tsinkayen ciyawa a ƙasa, ga kurciya tana kuka a saman azara. Masu gidaje a Garwa da Marwa da Njamena sun san wannan, haka ma mazauna Briketeri a Yawunde da Nima a Akara. Yawanci akan ɗauki sanda a kore su, bayan kwana biyu su dawo. Dalili kuwa shi ne kora ba ta taɓa abin da ya kawo su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma maganin tsuntsun gareji yana cikin wannan karin magana.

Me ke kawo su?

Abu uku tsuntsu ke nema: abinci, ruwa, da wuri mai tsawo da kyanwa ba za ta kai ba. Garejin gidajenmu kuwa ya haɗa duka ukun. Ban da mota da babur, a nan ake jibge buhunan gero da masara da dusar dabbobi, a nan durom ɗin ruwa yake, sannan tsakanin bango da kwanon rufi akan bar tazarar da hannu zai shige.

Baƙin sun bambanta. Tattabara da hasbiya da kurciya suna son wuri shimfiɗaɗɗe, kamar kan katanga ko kan katakon rufi, inda suke tara 'yan tsinke su yi ƙwai. Gwara tana cusa ciyawa cikin kowane rami, har bayan fitila. Tsattsewa kuma tana manna sheƙarta a jikin bango kusa da rufi. Sanin wanda ya shigo shi zai nuna irin ramin da za a toshe.

Ɓarnar da suke yi

Tsuntsu ba ya fitsari daban. Farin da ake gani a kashinsa sinadari ne mai suna yurik asid, kuma yana cin fentin mota. A lokacin zafi abin ya fi muni, domin fenti yana yin taushi idan ƙarfe ya ɗauki zafi, sai tabon ya zauna daram bayan ya huce. Don haka a jiƙa tsumma a ɗora a kan kashin na 'yan mintoci kafin a goge, kada a kankare shi a bushe.

Busasshiyar ciyawar sheƙa kusa da wayar lantarki ko ƙwan fitila na iya tayar da gobara, a wurin da galibi akwai jarkar fetur. Masu farantan sola a rufin gareji su ma suna asara, saboda tattabaru na fakewa a ƙarƙashinsu, kashin da suke zubawa a sama kuma yana rage wutar da farantan ke bayarwa.

Sai batun lafiya. A cikin tsohon kashin tattabara wani nau'in ƙwayar cuta mai suna Kiriftokokus yakan rayu. Mai ƙoshin lafiya ba kasafai take yi masa illa ba, amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai ɗauke da cutar HIV, tana iya haddasa sanƙarau mai kisa. Ta hanyar shaƙar ƙura ake ɗaukarta.

Kafin a toshe, a duba sheƙa

Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe ramuka alhali akwai 'ya'ya a ciki. Iyayen za su yi ta shawagi a bakin ƙofa, 'ya'yan su mutu da yunwa, wari da tsutsa su cika garejin. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kai kwana 17 zuwa 19, 'ya'yan kuma su tashi bayan kimanin wata guda. Na kurciya bai kai haka ba. Ke nan jira mafi tsawo bai wuce mako bakwai ba, kuma a wannan lokaci ana iya lulluɓe motar da tamfol. Amma da zarar sun tashi a cire sheƙar a ranar, domin tattabara ba ta da lokacin haihuwa guda a shekara, tana iya sake ƙwai tun kafin 'ya'yan farko su gama barin wurin.

Idan tsuntsu ne ya maƙale a ciki ya rasa hanyar fita, bin sa da sanda sai dai ya ƙara tura shi sama. A kashe fitila, a rufe tagogi da buhu ko zane, a buɗe babbar ƙofa, kowa ya fita. Tsuntsu haske yake bi, da kansa zai fice.

Abin da ke aiki

Da rana tsaka a shiga garejin a rufe ƙofa. Duk inda haske ya ratso, nan ce hanyarsu. Tazarar da ke tsakanin bango da kwano, da ramukan bulon shan iska, da tagar da gilashinta ya fashe, duka a rufe su da ragar waya, wadda a shagunan kayan gini na ƙasashen Faransanci ake kira grillage. Girman idon ragar shi ne magana: mai santimita 5 tana tare tattabara, amma gwara sai wadda idonta bai kai santimita 2 ba. Wanda bai tabbatar da baƙinsa ba ya sayi ƙaramar.

Kada a toshe ramukan iska da bulo ko siminti. Gareji na buƙatar iska saboda tururin fetur da hayaƙin inji. Ko da ramukan a buɗe, kada a tayar da janareto a cikin rufaffen gareji, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutane suna barci.

Garejin da ba shi da ƙofa, ko rumfar mota, ko wurin bakanike da dole ya wuni a buɗe, dabararsa ita ce a hana tsuntsu wurin sauka. A shimfiɗa raga a ƙarƙashin katakan rufi daga bango zuwa bango, a ɗaure ta tamau, ko kuma a buga silin. A kan katanga da sauran wurare masu faɗi, kafinta zai iya kafa katako ko guntun kwano a karkace, gangaren ya kai digiri 45 ko fiye, yadda tsinke ba zai zauna ba. A guji siririyar ragar kamun kifi da tsohon gidan sauro, tsuntsaye na sarƙewa a ciki su mutu a rataye.

Sannan a ɗauke abincin. Hatsi ya koma cikin durom mai murfi, a share wanda ya zube, a rufe ruwa, a mayar da wurin ba kaji tsaba can nesa da ƙofar gareji.

Abin da ba ya daɗewa

Tsofaffin fayafayan CD, guntun madubi, mutum-mutumi da mujiyar roba suna tsorata tsuntsu na 'yan kwanaki. Da ya lura abin ba ya cizo, sai ya sauka a kansa. Manoman da ke korar jan-baki a gonar gero sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba su daina kai yara gona ba. Na'urorin da ake tallatawa cewa suna fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji kuwa asarar kuɗi ne, domin tsuntsayen ma ba sa jin irin wannan ƙara. Kafur bai dame su ba, amma yaro na iya ɗauka ya haɗiye.

Guba ita ce mafi haɗari. A zangonninmu kiwon tattabaru sana'ar samari ce, kuma wadda ke kwana a garejinka mai yiwuwa ta maƙwabci ce. Idan ta ci tsaba mai guba ta koma gida tana layi, ana iya yanka ta a sa a tukunya. Kaji da kyanwa ma ba su tsira ba. Gara a yi wa mai tattabarun magana ya ƙara musu tukwane ko akwatunan kwana a gidansa.

Shara ta ƙarshe

Bayan an toshe, sai a kwashe tsohon kashin. A yayyafa masa ruwa ya jiƙe sosai kafin tsintsiya ta taɓa shi, a rufe hanci da baki da takunkumi, a sa safar hannu ko leda, a ƙulle sharar a binne. Kada a ba yara wannan aiki, ko marar lafiya, ko mai juna biyu.

Idan kuma aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu lokaci guda, kada a taɓa su da hannu, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Yankinmu ya san murar tsuntsaye tun 2006, lokacin da aka tabbatar da ita a Najeriya da Magarya ta Nijar a watan Fabrairu, sannan a Marwa a watan Maris.

Raga takan saki bayan iskar farkon damina, kuma ɓera na iya huda ta. A riƙa sake gwajin hasken nan sau biyu a shekara, kafin saukar ruwa da kuma bayan kaka, lokacin da sabon hatsi ke shigowa gida.