SAƘA DA YATSU: GUZURIN MAI BAN RUWA A LOKACIN ƊARI

 

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zaman manomin Kura da Bunkure da Garun Malam ya sake. Dā in an kai dawa rumbu, sai mutum ya huta ko ya tafi cin rani. Yanzu kuwa babbar hanyar ruwa tana kawo ruwan Kogin Kano har bakin gona, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Muna shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba, gama alkama sanyi take so. Tumatir ma haka. Amma sanyin nan da ke gyara alkama shi ne ke kwantar da mai ita. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 da asuba a ƙasar Kano, wani dare ma ya yi ƙasa da haka. Wanda ruwa ya zo layinsa da sassafe ba ya jiran rana ta fito. Zai shiga da ƙafa a jiƙe, iskar hunturu tana dukan wuyansa da ƙirjinsa.

A ziyarar da muka kai wa ƙungiyoyin gama kai na ekklesiyoyinmu bara, mun iske wani ɗan'uwa kwance da tari da ciwon ƙirji har mako biyu. Layin ruwansa ya wuce, alkamarsa tana cikin fid da kai ta sha ƙishirwa, ga bashin taki yana jiransa. Da muka tambaya, rigar sanyi guda ce a gidan, ya kuwa bar wa yara. Wannan ya sa muka fara koyar da saƙar mayafin wuya wadda ba ta bukatar allura ko kwarashi. Yatsu huɗu da zare sun isa.

INDA ZA A SAMI ZARE

Ana sayar da ulu a Kano. In ƙungiya ta haɗa kuɗi ta aiki mutum ɗaya ya saro, ya fi kowa ya ci kuɗin mota don ƙulli biyu. A nemi mai kauri. In siriri ne, a haɗa biyu ko uku a saƙa su tare.

Hanya ta biyu ta fi araha. A sayi tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, irin wadda ake samu a kasuwar Ƙofar Wambai, ko da ta huje a gwiwar hannu. A juya ta a dubi ɗinkin gefe. In an yanka bakin da almakashi aka bi da keke, a bar ta, gama zarenta guntu-guntu zai fito. In bakin a saƙe yake, sai a farke ɗinkin, a fara warwara daga sama. A naɗe zaren a ƙafafun kujera, a wanke, a rataye a inuwa da ɗan dutse a ƙasa domin ya miƙe. Inda tsofaffinmu ke kaɗi har yanzu, abawa ma tana yi, ko da yake auduga in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi.

YADDA AKE SAƘAWA

1. Buɗe hannun hagu, tafin yana dubanka. Danne bakin zaren da babban yatsa, ka bar jela kamar taƙi ɗaya.

2. Bi da zaren ta gaban manuni, ta bayan yatsa na biyu, ta gaban na uku, ta bayan ƙaramin. Zagayo ƙaramin ka komo: ta gabansa, ta bayan na uku, ta gaban na biyu, ta bayan manuni. Yanzu kowane yatsa yana da zoben zare guda.

3. Sake tafiya ka komo kamar dā, a bisa na farin. Kowane yatsa ya sami zobe biyu ke nan.

4. Fara daga ƙaramin yatsa. Kama zoben ƙasa, ka tsallakar da shi bisa na sama, ka fid da shi ta kan yatsan, ya faɗa bayan hannu. Yi haka ga sauran ukun. Saura zobe ɗaya ɗaya.

5. Sake tafiya da komowa, sake tsallakarwa. Aikin ke nan har ƙarshe. Saƙar za ta riƙa sauka ta bayan hannu. Bayan layi biyar ko shida, ja jelar nan a hankali, za ka ga ta daidaita.

6. In an kira ka, zura tsinke ko siririn kara cikin zobban huɗu, ka zare hannunka.

7. Sa'ad da tsawon ya kai kamu uku, yanke zaren da ragowar taƙi ɗaya, ka bi da shi ta cikin zobban huɗu, ka ja, ka ƙulle.

KUSKUREN DA MUKA YI

Ran da muka fara gwadawa a gaban Zumuntar Mata, mun ɗaure zaren tamau har yatsunmu suka kumbura. Abin da ya fito kuwa siriri ne, a naɗe. Wata dattijuwa ta ɗaga shi sama ta ce, "Malam, wannan ai igiyar guga ce." Aka yi ta dariya, gaskiya kuwa ta faɗa. Saƙar yatsu huɗu ba ta faɗi, kuma takan naɗe kanta. Ita dattijuwar ce ta tuna mana da abin da ke ƙofar gidanmu: masaƙan ƙasar nan siraran ƙyallaye suke saƙawa, a jera su a ɗinke, su zama gwado. Turkuɗin da marinan Kura ke rinawa su buga, Buzaye su saya su kai hamada, haka ake haɗa shi. Sai muka saƙa guda shida masu tsawo ɗaya, muka jera, muka harhaɗa gefe da gefe da zare. Aka sami mayafi mai faɗin tafin hannu da 'yan kai, mai kauri. Waɗansu mata kuma suka kitse uku uku kamar gashi, ya fi sauri. A tuna dai: a bar zaren sako-sako.

Ga maza masu cewa saƙa aikin mata ne, muna tambaya: wa ke zama a masaƙa, wa ke ɗinkin hula? Yaron da ke gadin tumatir yana iya gama ƙyalle ɗaya yana zaune a bakin gona.

GARGAƊI UKU

Na ɗaya, yawancin ulun kasuwa ba gashin tumaki ba ne, na roba ne. In wuta ta taɓa shi narkewa yake yi, ya manne wa fata. A tuɓe mayafin kafin a zauna jin ɗumi.

Na biyu, kada a bar bakinsa yana lilo kusa da injin ban ruwa, ko injin niƙa, ko a kan babur. A cusa shi cikin riga. A 1927, a birnin Nis na ƙasar Faransa, wata shahararriyar mai rawa 'yar Amurka, Isadora Duncan, ta rasa ranta domin dogon mayafinta ya shiga ƙafar mota. Kada kuma a ɗaura wa jariri, ko a bar ƙaramin yaro ya kwana da shi.

Na uku, mayafi ba magani ba ne. Yana tare iska, yana rage shaƙar ƙura in an ja shi bisa hanci. Amma yaron da ke tari da zazzaɓi, yana numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana lotsawa, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

ABIN DA MUKE ROƘO

A cikin Ayyukan Manzanni sura 9 mun karanta labarin Dokas ta Yafa. Abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus bayan rasuwarta shi ne tufafin da ta ɗinka. Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su koya, su koya wa saura bayan sujada. A fara tun Oktoba, kada a jira ɗari ya shigo. Mayafan fari a ba tsofaffi da gwauraye da marayu, da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda muke shan ruwan layi ɗaya da su. Abin da ya ragu a sayar, kuɗin ya koma asusun zare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙungiyar da ke son mu zo mu nuna da hannu, sai ta faɗa wa fastonta ya aiko mana. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a noman rani na bana. Amin.