Naɗin Wayar Sitiyari da Sharuɗɗan Sauya Shi

Galibin ƙananan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Dogo-Dogo da Dungas da Magarya, da waɗanda ke tsallaka iyaka zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na hannu ne da suka sha aiki a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa kafin su iso jihar Damagaram. Daga cikin matsalolin da ke tasowa a irin waɗannan motoci akwai wadda direbobi kan raina, wato hon ya ɗauke, ko ya riƙa yi yana fasawa idan an karya kwana, sannan wata fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa ta kunna a allon gaban direba ta ƙi mutuwa. Sau da yawa asalin abin ɗaya ne, shi ne tsinkewar naɗin wayar sitiyari, wanda masu sayar da kayan mota ke kira kulok-sifirin.

Wannan naɗi wata waya ce shimfiɗaɗɗiya mai kama da zirin leda, wadda aka jera siraran layukan tagulla a cikinta, aka naɗe ta a cikin wani gwangwanin roba da ke zaune a bayan sitiyari, kamar yadda tef ɗin awo na magina ke naɗe a cikin gidansa. Aikinta shi ne ta kai wuta da saƙo daga jikin mota, wanda ba ya juyawa, zuwa sitiyari, wanda ke juyawa dama da hagu, ta yadda in an murza shi gefe guda sai ta ƙara naɗuwa, in an mayar sai ta warware. Tsofaffin motoci sun wadatu da zoben tagulla da wani ɗan tsinke mai gugarsa, domin hon kaɗai ke buƙatar wuta a wurin, amma da aka fara sanya jakar iska, wato jakar da ke kumbura nan take ta tare ƙirji da fuskar direba idan an yi karo, sai aka buƙaci hanyar da ba ta yankewa ko na ƙiftawar ido. A Amurka doka ta wajabta jakar iska ta direba da ta fasinja a ƙananan motoci tun daga samfurin 1998, saboda haka duk motar da ta fito daga can bayan wannan shekara tana da wannan naɗi.

Abubuwan da ke kashe shi ba su da yawa. Akwai tsufa, domin tagullar da ake lanƙwasawa dubban lokuta takan gaji ta tsage, kuma a Afrilun 2014 kamfanin Toyota ya yi kiran a dawo da motoci kimanin miliyan 3.5, ciki har da Corolla da RAV4 da Hilux, saboda lahani a wannan waya. Akwai kuma ƙura, wadda ta sa aka yi irin wannan kira kan motocin Jeep Wrangler kusan rabin miliyan a 2016, lamarin da ya kamata mai bin hanyoyin yashi a lokacin hunturu ya lura da shi. Sai dai babban sanadi a gareji yake, inda bakanike kan kwance sandar sitiyari daga ƙasa domin gyaran rak ɗin da ke juya tayoyin gaba, ya bar sitiyarin sake, yaron shago ya jujjuya shi yana wasa, a mayar a ɗaure ba a sani ba, kwanar farko da direba ya karya har ƙarshe wayar ta tsinke. Ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera kafin a kwance sandar ya isa ya hana wannan asara.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne wajen sayen madadin. Mai mota kan aika a sayo masa daga Damagaram ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da sunan mota da shekararta kawai, alhali mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da naɗi kala-kala gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta da kayan da aka sa mata. Wadda sitiyarinta ke da maɓallan rediyo da na tsayar da gudu tana buƙatar layuka fiye da wadda hon da jakar iska kaɗai gare ta. Wasu jakunkunan iskar kuma ashana biyu gare su, wato ƙananan na'urorin da ke tayar da su, don haka soket biyu suke nema, kuma naɗi mai soket ɗaya ba zai ɗauke su ba ko da ya zauna daram a mazauninsa. A motocin da ke da na'urar hana santsi, akan haɗa naɗin da wata na'ura mai auna juyawar sitiyari, wadda sau da yawa sai an sake saita ta da kwamfuta bayan aiki. Abin dogaro shi ne lambar da ke jikin tsohon naɗin da lambar shasi ta motar, sannan a ajiye tsohon da sabon gefe da gefe a ƙirga ƙafafun kowane soket. Yanke wayoyin jakar iska masu soket ruwan ɗorawa a murɗa su da wasu don a tilasta dacewa ganganci ne, domin kwamfutar jakar iska tana auna ƙarfin tirjiyar layin ne, wanda bai wuce om biyu zuwa uku ba, kuma ƙulli ɗaya maras kyau ya isa ya rikita lissafinta.

Shi kansa aikin yana da ƙa'ida. Ana miƙar da tayoyin gaba, a cire kan batir na baƙar waya, a jira aƙalla daƙiƙa 90 a motocin Toyota, wasu kamfanoni ma sun fi tsawaita jiran, saboda akwai wutar ajiya da ke iya tayar da jakar bayan an cire batir. Jakar da aka ciro ana ajiye ta fuskarta na kallon sama, kuma ba a ɗora mata mitar awon wuta. Sabon naɗi yakan zo da ɗan makulli da ke riƙe shi a tsakiya, ba a zare shi sai an gama zaunar da shi, amma na hannu da aka ciro daga wata mota babu wanda ya san sau nawa aka juya shi a kan teburin mai kaya. Irin wannan sai an murza shi a hankali zuwa gefe guda har ya fara tauri, a dawo da shi rabin adadin zagayensa, wanda a motoci da yawa zagaye biyu da rabi ne, a daidaita alamomin da ke jikinsa.

Dabarar da wasu masu wayarin suka saba da ita, ta jawo waya daban a maƙala wa hon maɓalli a gefen sitiyari, tana dawo da ƙara amma tana barin jakar iska a mace, kuma wanda ya cire ƙwan fitilar gargaɗi ko ya toshe layin da abin da zai yaudari kwamfuta ya fi wannan muni, musamman in sayar da motar za a yi. Gwajin da kowane mai mota zai iya yi da kansa kafin ya biya kuɗin aiki shi ne ya murɗa makulli ya dubi fitilar jakar iska: lafiyayya takan kunna na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu, wadda ta ƙi mutuwa ko ta ƙi kunnawa gaba ɗaya kuwa aikin bai kammala ba.