Masu Sauraron Kukan Birki a Madagaskar ta Yawunde

Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗun titunan Kano ko Maraɗi, ranar da ya fara hawa babur a Yawunde sai cikinsa ya ɗuri ruwa tun a gangaren farko. Garin kan tuddai yake zaune, har ana yi masa kirari da birni mai duwatsu bakwai, kodayake duk wanda ya ƙirga zai ga sun fi haka. Daga Mbankolo ko Karyer zuwa kasuwar Mokolo kusan duk gangara ce, kuma damina biyu ake yi a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba. In an yi ruwa jar ƙasar garin ta zama taɓo mai santsi, in rana ta fito ta koma ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa. Babu abin da ke shan wahalar wannan hali a jikin babur kamar birki.

Unguwar Madagaskar tana ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu, jikin Mokolo, ba nisa da Birikiteri, unguwar Hausawa. Birikiteri ta samo sunanta daga wurin yin bulo na zamanin Jamus, kuma tun a wancan zamani fatake Hausawa suka fara sauka a Yawunde. An san mutanenta da tsire, da ɗinki, da sayar da yadi. Kanikanci bai yi suna kamar waɗannan ba, amma tsakanin Birikiteri da Mokolo da Madagaskar da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rumfar gyaran babur ba: kwano huɗu a sama, benci ɗaya, akwatin sifanu, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai. A nan za ka ji Hausa da Fulatanci da Faransanci a bakin mutum ɗaya kafin a kwance noti ɗaya.

Aikin ya bunƙasa ne da bunƙasar acaɓa, wadda a kudancin Kamaru ake kira benskin. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kamfanin bas na gwamnati, SOTUC, ya rufe a 1995, daga baya kuma babura masu araha daga Sin da Indiya, irin su Sanili da Nanfang da Boxer da TVS, suka cika kasuwa. Gwamnati ta fitar da dokar tsara sana'ar a ƙarshen 2008, hukumomin birni kuma suka hana 'yan benskin shiga tsakiyar gari. Wannan hani ya tura su unguwannin gefe, inda hanya ta fi tsayi, kwalta ta fi ƙaranci. Ma'ana, an kai babur daidai inda birki ya fi saurin cinyewa.

Yawancin waɗannan babura birkin tambur gare su, aƙalla a tayar baya. Tambur kwanon ƙarfe ne a tsakiyar taya, faɗinsa milimita 110 ko 130 a irin waɗannan babura. A cikinsa akwai layinin guda biyu masu lanƙwasa, sifirin biyu na riƙe da su, da wani guntun ƙarfe da ake kira kam a tsakaninsu. Mai babur ya taka birki, sanda ta ja hannu, hannu ya juya kam, kam ya buɗe layinin su matse cikin kwanon. Shi ke nan. Tun 1902 Louis Renault ya fito da wannan dabara a Faransa, kuma har yau ba ta canja sosai ba. Sauƙinta ne ya sa kowane yaro da ya yi wata shida a gareji yake ganin ya iya ta.

Abin da ke kawo mai babur gareji ba rashin kamun birki ba ne, ƙara ce. Fasinja ba ya son babur mai kuka, mace mai goyo ma sai ta sauka ta nemi wani. Saboda haka maganar da bakanike ya fi ji ita ce: "Maigida, birkina na kuka, a kashe mini shi, ina sauri." Gwani ba ya ɗaukar sifana nan take. Sai ya tambaya: da safe kaɗai yake yi ko duk yini? Tun yaushe? An wanke babur jiya? Sannan ya ɗaga tayar, ya juya ta da hannu, ya taɓa birkin a hankali yana kasa kunne.

Kukan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na safiya, wanda raɓa ko ruwan dare ya sa tsatsa ta ɗan kwanta a cikin tambur. Wannan da an taka sau uku ya wuce, bai kai a kwance komai ba. Na biyu siririn fito ne mai shiga kunne, wanda ke zuwa in ana tsayawa a hankali. Shi rawa ce layinin ke yi a jikin ƙarfe, sau dubu ko fiye a daƙiƙa, yawanci don ƙura ta taru a ciki ko don zafi ya ƙona fuskar layinin ta yi sheƙi. Doguwar gangara da ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa ita ke haifar da wannan. Sai na uku, gurnani mai kauri, wanda ake ji har a tafin ƙafa. Wannan layinin ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe, kuma kowace taka ɗaya zane take yi a cikin tambur, wanda kuɗinsa ya ninka na layinin sau da yawa.

Maganin na biyu aikin hannu ne mai daɗin kallo. A cire sarƙa, a zare ƙusar taya, a ɗago murfin. Bakanike ya naɗe layinin biyu kamar mai rufe littafi, su fito tare da sifirin ɗinsu. Ya duba kaurinsu: sabo yakan kai milimita 4, in ya sauko 2 ya gama aiki. In da saura, sai ya goge sheƙin da samfefa har fuskar ta yi kaushi, ya ɗan zaftare bakin layinin da zarto don kada kaifin ya riƙa cije ƙarfe, ya goge cikin tambur, ya ɗiga giris kaɗan a kan kam da sandar da layinin ke juyawa a kai. Kaɗan fa, abin da bai wuce kan tsinke ba. Sifirin da ya saki a canja shi. Wajen mayarwa kuma akwai abin da yara kan manta: a danne birki kafin a ɗaure notin ƙusar taya, don layinin su zauna daidai tsakiya.

A ganina a nan ake raba bakanike da mai riƙe sifana. Kashe kuka abu ne mai sauƙi ga wanda bai damu ba. Ɗigon baƙin mai ɗaya a cikin tambur zai sa birki ya yi tsit, ya kuma daina kamawa, domin layinin da ya sha mai ba ya komawa daidai ko an ƙona shi a wuta. Akwai masu ƙara ɗaure notin sanda har zare ya ƙare, sannan su cire hannun birki su matsar da shi haƙori ɗaya. Akwai masu naɗa guntun gwangwani a bakin layinin don ya ƙara kauri. Duk waɗannan suna sa feda ta yi ƙarfi a ƙafa, mai babur ya tafi yana godiya. Amma kam yana da iyakar juyawa. In ya wuce ta yana iya kwanciya ya maƙale, taya ta kulle a tsakiyar gangara da fasinja biyu a baya. Masu ƙera babura da yawa sun sa kibiya a kan hannun birki da alama a jikin murfi: in suka haɗu lokacin da aka taka, layinin ya ƙare. Taɓo kan rufe su, kuma ba kowa ke gogewa ya duba ba.

Wata matsalar daga mahayan take. Da yawansu tsoron birkin gaba suke yi, wai yana kayar da mutum, har wasu kan bar wayarsa a sake. A kan tsakuwa da taɓo suna da hujja. A kan kwalta kuwa, in an tsaya nauyi gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin. Wanda ya bar ta ya ɗora wa birkin baya kaya duka, shi ya sa nasa ke ƙonewa da wuri.

Wasu sababbin babura suna zuwa da birkin faranti a gaba, tsarin da Honda CB750 ta yaɗa tun 1969. Canja plaket ɗinsa, wato guntayen da ke matse farantin, ya fi sauƙi: a tura fistin baya, a zare tsofaffi, a sa sababbi, a matsa hannu sau da yawa kafin a hau. Wanda ya manta da matsawar nan zai kama birki ya ji wayam. Man birki kuma ruwa yake tsotsa daga iska, balle a gari mai laima irin wannan. Irin man da ake kira DOT 4, in sabo ne, sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. Shi ya sa ake cewa a canja shi duk shekara biyu, amma ba a cika kawo babur don wannan ba, tunda mai ba ya kuka.

Kayan gyara a shagunan kewayen Mokolo ake samunsu, kwali iri ɗaya, kuɗi iri-iri. Araha ba ta ado: layinin mai sauƙin kuɗi wani taurinsa ya yi yawa ya cinye tambur, wani gam ɗinsa ya saki in ya ji zafi da ruwa. Sannan ga ƙurar. Shekaru da yawa da asbestos aka riƙa haɗa layinin, kuma yana jawo sankarar huhu. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005, amma wanda ya sayi kwali marar bayani ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Duk da haka aikin farko da ake ba ɗan koyo shi ne ya ɗauki tambur ya busa da baki. Jiƙaƙƙen tsumma zai yi wannan aiki, kuma maigidan da ya san ciwon yaransa shi yake miƙa musu.

Sabon layinin ba ya kamawa sosai a ranar farko, sai ya goge ya ɗauki siffar tambur. Don haka bayan an saita feda ta sauka milimita 20 zuwa 30 kafin ta kama, bakanike kan hau ya gwada a layi, ya ce wa mai babur ya bi gangara a hankali yau, kada ya ɗauki buhu, ya dawo jibi a ƙara ɗaure noti. Kyauta ake yin wannan. Mafi yawansu ba sa dawowa, domin jibi ma akwai kuɗin da za su kai wa mamallakin babur da yamma.