Kwamfuta Ta Leƙa Cikin Injin Ruwa

 Wannan shi ne shirinmu na musamman kan kimiyya da ƙere-ƙere.

(Ƙarar injin ban ruwa, sannan a rage ta)

Duk wanda ya taɓa shiga fadama da rani ya san wannan ƙara. Injin ban ruwa ne mai inci uku, irin wanda ake ɗaurewa a bayan babur a kai bakin rijiya. In ka ɗora tafin hannunka a kan tiyon da ruwa ke fita, za ka ji yana karkarwa. Wani abu daga cikin karkarwar na injin fetur ne, babu musu. Amma ko a gidan ruwa, inda lantarki ke juya famfo sumul, karkarwar tana nan. Ruwan ne da kansa ke fitowa bugu bayan bugu, da saurin da ido ba ya iya rabewa. Wannan bugu shi ne batunmu na yau, da yadda injiniyoyi ke sa kwamfuta ta nuna musu shi tun ba a narka ƙarfen famfon ba.

Mu kwance murfin mu duba. A ciki akwai fanka mai lanƙwasassun fukafukai. Ruwa yana shiga ta tsakiyarta, tana juyawa tana watso shi gefe, kaskon da ya kewaye ta kuma yana tattara shi. Kaskon yana da siffar katantanwa: ya fara a matse, yana buɗewa har ya kai bakin fita. To, a daidai inda katantanwar ta soma akwai wani ɗan tsinin ƙarfe da ke raba ruwan da zai fita da wanda zai sake zagayawa. Injiniyoyi na kiransa harshe. Ku riƙe wannan harshe, jama'a, domin nan rigimar take. Duk fiffiken da ya zo giftawa ta gabansa sai ya matse ruwan da ke tsakaninsu, matsi ya haura, yana wucewa matsi ya faɗo. Na gaba ya zo, a sake.

Ga lissafin. Famfunan da lantarki irin namu ke juyawa, da yawa suna yin juyi 1,450 a minti ɗaya. A ce fankarsa na da fukafukai shida. Bugu 145 ke nan a cikin sakan ɗaya. Bugu 145, kowane sakan, dare da rana, shekara da shekaru, a kan ƙarfe guda.

A ƙaramin inji abin kan tsaya a ƙara da saurin cin boris. A babba kuwa labari ne dabam, kuma ina so mu ɗan zauna a kansa. A jihar Washintan ta Amurka, a kan kogin Kolombiya, akwai madatsar ruwa ta Grand Coulee. A 1951 aka fara kunna manyan famfunan da za su ɗaga ruwan kogin sama, kimanin mita 85, zuwa wani tafki da zai shayar da gonaki. Kowane famfo ɗaya na da ƙarfin doki 65,000. Kowane ɗaya yana tura wajen lita 45,000 a sakan. Bututun da ruwan ke hawa ta cikinsu kuwa faɗin bakinsu ƙafa 12 ne, mutum biyu su hau kan juna a ciki ba su taɓo sama ba. Ana kunnawa, sai waɗannan bututu na ƙarfe, masu nauyin da ba ya misaltuwa, suka kama rawa a jikin dutse.

Me ya faru? Kowane bututu, kowane ƙarfe, yana da nasa saurin girgiza da yake amsawa da shi in an doke shi. Idan bugun famfo ya zo daidai da wannan sauri, kowane bugu sai ya ƙara wa na baya ƙarfi, girgizar ta yi ta hauhawa. Abin da ya samu bututun nan ke nan. Wani injiniya na hukumar da ta gina madatsar, John Parmakian, ya rubuta labarin aikin a 1954: sai da aka yi gyara a jikin famfunan don rage bugun, aka kuma ɗaure bututun da zobban ƙarfe don su daina amsawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen nan ba ragwaye ba ne, ƙwararrun zamaninsu ne. Amma sai da aka gama zuba kankare, aka ɗaure kusoshi, aka kunna, sannan ruwa ya gaya musu abin da takarda ba ta gaya musu ba.

Ilimin lissafin kam ya daɗe. A gurguje: Denis Papin, Bafaranshe, ya zana irin wannan famfo a ƙarshen ƙarni na 17, Leonhard Euler ya fitar da lissafin fanka mai juyawa a 1754, John Appold ya nuna fa'idar lanƙwasa fukafukai a baje kolin Landan na 1851. Ƙa'idojin tafiyar ruwa gaba ɗaya kuwa Navier ne ya rubuta su a 1822, Stokes ya kammala a 1845. Rubuta su abu ne guda, warware su wani abu ne. Har gobe akwai ladan dala miliyan ɗaya da Cibiyar Clay ta sa a shekarar 2000 ga wanda ya amsa wata tambaya ta tushe a kansu.

Abin da ya sa suka yi taurin kai shi ne hargitsin ruwa. A 1883, a birnin Mancesta na Ingila, Farfesa Osborne Reynolds ya haɗa bututun gilashi da tankin ruwa, ya riƙa sakin siririn zaren tawada a tsakiyar ruwan da ke gudu. Da ruwan na tafiya a hankali, zaren tawadar ya miƙe sambal daga farko har ƙarshe. Ya ƙara buɗe bawul, ya ƙara, sai can zaren ya yi rawa, ya tarwatse, ya rine bututun duka. Kayan gwajin nasa suna nan a jami'ar Mancesta har yanzu. Kusan shekara ɗari bayan haka wasu malamai suka sake gwajin da kayan nan nasa, amma suka kasa riƙe zaren a miƙe har zuwa saurin da shi ya kai. Dalili? Motocin da ke wucewa a titi suna girgiza ginin. Girgizar da mutum ba ya ma ji a ƙafarsa ta isa ta birkita ruwa a cikin gilashi. To ina ga cikin famfo, inda ƙarfe ke yanka ruwa sau ɗaruruwa a sakan?

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga yadda kwamfuta ke shiga. Injiniya zai zana famfon a kwamfuta, ciki da bai. Sai ya ɗauki sararin da ruwa ke bi ya yayyanka shi ƙananan gurabe, miliyoyi, ya zama raga. A kusa da harshe da gefen fukafukai ana matse ragar sosai, don nan abubuwa ke sauyawa da sauri. Ragar kashi biyu ce: ta cikin fanka tana juyawa, ta kasko tana tsaye, suna gogar juna suna miƙa wa juna lissafi. A kowane gurbi kwamfuta za ta lissafa saurin ruwa da matsinsa, ta daidaita da maƙwabtansa. Ta gama, sai ta juya fankar digiri ɗaya tak, ta sake daga farko.

Digiri ɗaya, jama'a. A famfonmu mai juyi 1,450, digiri ɗaya kashi ɗaya ne cikin 8,700 na sakan. Juyi goma na fanka mataki 3,600 ne, kuma a zahiri bai kai rabin sakan ba. Wannan rabin sakan na iya cin kwanaki a kan manyan kwamfutoci. A da, don sauƙi, akan tsayar da fankar a wuri guda a lissafa, a sami matsakaicin ƙarfin famfo. Wannan yana gaya maka ruwa nawa za ka samu, amma bugun ya ɓace a ciki. Sai an bar fankar ta juya mataki-mataki yake fitowa.

Da ya fito, abin kallo ne. Ana ganin matsi yana taruwa a gaban harshe, yana fashewa, yana bin katantanwa har bututu. Ana dasa ma'aunan ƙarya a ko'ina cikin zanen, har wuraren da ma'auni na gaske ba zai shiga ba, a ga inda bugu ya fi tsanani. Daga nan sai gwaje-gwaje ba tare da an ɓata ko kilo ɗaya na ƙarfe ba. A ƙara tazara tsakanin fanka da harshe: bugu ya ragu, amma in tazarar ta yi yawa famfo ya yi asarar ƙarfi. A karkace bakin fiffike don kada ya iso harshe gaba ɗaya lokaci guda. A fanka mai fuska biyu, a goce fukafukan wannan fuska daga na waccan, bugunsu ya daina haɗuwa.

Akwai kuma abin da lissafin ke nunawa wanda ya shafi duk mai famfo. Kowane famfo yana da adadin ruwan da aka ƙera shi ya tura. In ka sayo wanda ya fi ƙarfin aikinka, ka shaƙe shi da bawul, ruwan da ya rasa hanya yana juyawa baya a tsakanin fukafukai, yana yin guguwa, matsi ya rinjayi gefe ɗaya na fanka ya riƙa tura sandar juyawa. Sai boris ya ci, sil ya fara yoyo, a ce kayan jabu ne. Sau da yawa kayan ba su da laifi.

Sai babbar cuta. A tsakiyar fanka, inda ake zuƙo ruwa, matsi yana faɗuwa ƙwarai. In ya faɗi da yawa, ruwa na tafasa ko da sanyi ne, ya yi ƙananan kumfa na tururi. Kumfan na isa inda matsi ya dawo sai su rufta da ƙarfi a jikin ƙarfe. Kunne yana jinsu kamar an zuba tsakuwa a cikin injin, fankar da ta daɗe a haka kuwa za ka same ta duk ramuka. Shi ya sa famfon da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas, shi ya sa kuma manomi ke haƙa rami ya saukar da injinsa idan ruwan rijiya ya ja baya a watan Maris da Afrilu. Dabarar daidai take da kimiyya.

Wannan kumfa ta taɓa kayar da roka. Ran 15 ga Nuwamban 1999, Japan ta harba rokarta H-II daga tsibirin Tanegashima, ɗauke da tauraron ɗan'adam. Wajen minti huɗu da tashi injin ya mutu, dole aka tarwatsa ta daga ƙasa. Japanawa suka ƙi yin zato. Suka bi sawu cikin tekun Fasifik, suka gano injin a zurfin kusan mita 3,000, suka ciro shi a Janairun 2000. Da aka buɗe famfon da ke tura ruwan haidurojin, mai juyi sama da 40,000 a minti, sai ga fiffike ɗaya na 'yar fankar gaba ya karye. Kumfa da girgiza ne suka yi ta lanƙwasa shi har ƙarfen ya gaji.

To, shin duk abin da kwamfuta ta zana gaskiya ne? A nan ina da ja. Ko babbar kwamfuta ba ta iya bin kowane ɗan hargitsi a cikin famfo, don haka ana cike giɓin da ƙiyasi, kamar tsarin da Launder da Spalding na Landan suka wallafa a 1974, ko na Menter na 1994. Ƙiyasin nan sun fi rauni a daidai inda aka fi bukatarsu, wato lokacin da ruwa ke juyawa baya da lokacin da kumfa ta tashi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada wannan. Ta ƙera famfon jini na gwaji, mai fanka irin ta famfunan da ake dasa wa masu ciwon zuciya, aka auna shi a ɗakunan bincike, sannan ta gayyaci ƙwararru su lissafa shi ba tare da sun ga awon ba. Famfo ɗaya, tambaya ɗaya, amsoshi suka sha bamban: wasu sun kusa, wasu sun yi nisa. Kowanne kuwa zanensa ya fito da launuka masu kyau. Don haka in an nuna maka hoton ja da shuɗi, tambayi mai shi ko ya ɗora lissafinsa a kan awon famfo na gaske.

Lokaci na neman ƙwace mana. Abu ɗaya ga ɗalibanmu na injiniya: manhajojin kasuwa irin su Fluent da CFX suna da tsada, amma OpenFOAM kyauta ce tun 2004, kuma ƙaramin famfo mai sauƙin raga kwamfutar tebur mai ƙarfi na iya ɗaukarsa. A kwance injin ban ruwa ɗaya, a auna fankarsa, a zana, a lissafa, sannan a kai shi bakin rijiya a gwada da ruwanmu mai yashi da zafinmu na bazara.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.