Inabin Kudan da Jita-jitar Tsohuwar Giya

Tun da noman inabi ya kankama a ƙasar Kudan, maganganu biyu ke yawo a majalisun Paki da Makarfi. Wasu na cewa ruwan inabi da ya kwana biyu ya zama giya. Wasu kuma, galibi samari masu kallon bidiyo a waya, sun dage cewa jar giyar Turawa in ta shekara ashirin a kwalba barasarta ta mutu, ta koma maganin zuciya. Ta farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyu kuwa shaci-faɗi ce.

Daɗewa kaɗai ba ta mai da ruwan inabi giya. Yis ne ke yin aikin, irin wanda ke manne a bawon inabin tun daga gona: ya cinye sukarin, ya fitar da barasa da iska. Louis Pasteur na Faransa ya bayyana haka a 1860. Shi ya sa in aka matse inabi aka zuba a gorar roba cikin zafin bazara, ba a tafasa ba kuma babu firij, kafin kwana biyu ko uku za a ga kumfa, gorar ta kumbura, ta yi huci in an buɗe. Haka zoɓo da ruwan rake suke yi. Ko jiƙon zabibi da ya zo a hadisin Ibn Abbas cikin Sahihu Muslim ba ya wuce kwana uku ana sha. Amma in an dafa ruwan an rufe shi ruf da zafinsa, yis ya mutu, sai ya yi watanni lafiya. Da wannan dabarar Thomas Welch ya fara adana ruwan inabi a Amurka a 1869.

Kwalaben da ake jerawa a wajen dinar biki ma iri biyu ne, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Akwai ruwan inabi zalla mai iska, akwai kuma giya ta gaske da aka zare mata barasa, wadda kan rage da abin da bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. A duba rubutun jikin kwalbar, hukuncin kuma a kai wa malamai.

To, me masu ɗanɗana tsohuwar giya ke nema? A 1976 wani Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Paris suka ɗanɗana giya ba tare da ganin sunanta ba, sai ta Kalifoniya, Stag's Leap ta 1973, ta zo ta ɗaya a ajin ja. Faransawa suka ce a bari ta tsufa a gani. Bayan shekara 30, a 2006, aka sake zama a Landan da Napa ta Kalifoniya, Ridge Monte Bello ta 1971 ta yi zarra, ita ma daga Kalifoniya. Abin da suke aunawa shi ne ko baurin ya lafa, baurin nan na bawo da ƙwallon inabi, ɗan'uwan na bagaruwar majema. Ko launin ya juya daga ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa. Ko ƙamshin ya sauya. Barasar kuwa tana nan daram, kashi 12 zuwa 15 cikin 100, kamar ranar da aka rufe kwalbar. Galibin giya ma tsufa lalata ta yake yi.

Da alama jita-jitar ta samo asali ne daga khal. In iska ta shiga giya, wasu ƙwayoyin halitta kan mai da barasar tsami, ta zama khal. Wannan ba tsohuwar giya ba ce, wani abu ne daban, kuma masu sayen ta da tsada zubar da shi suke yi.

Batun zuciya kuma, a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa, kuma tun 1988 aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Sinadarin da ake yabo a jar giya daga bawon inabi yake fitowa, bawon da mai cin ɗanyen inabin Kudan ke taunawa.