Baƙin da Suke Zuwa Fadamar Haɗeja da Nguru Lokacin Hunturu

Kowa ya san shamuwa, in an ganta a kan bishiya sai a ce damina ta kusa. To akwai wasu tsuntsayen da su kuma sai damina ta wuce suke zuwa. Shamuwa daga kudu take tahowa, su kuwa daga arewa, daga Turai da Rasha, sai sun ƙetare teku da hamadar Sahara kafin su sauka a ƙasarmu.

Inda suka fi sauka shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jihar Jigawa da Jihar Yobe, wurin da kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala su cika tafkuna. A cikinta akwai wuraren da aka keɓe wa tsuntsaye, kamar Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe. Ko mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya taɓa zuwa Dagona a 1989 don ya gansu.

Da farko na zaci sanyi suke gudu, har na ce ai mu ma muna da sanyi. Ashe yunwa ce. A can ƙasashensu idan hunturu ya shiga, tafkuna daskarewa suke yi su zama ƙanƙara, ƙwari su ɓace, agwagwa ba ta da inda za ta sa baki. A daidai wannan lokaci mu kuma ruwan damina yana kwance a fadama, ga ƙwari, ga irin ciyawa, ga shinkafar da ta zube bayan girbi. Suna fara isowa wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Ba sa yin ƙwai a nan, sai sun koma gida.

Ta yaya aka san daga can suke? Masana suna kama tsuntsu su sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su sake shi. In an same shi a wata ƙasa, zoben zai nuna inda aka sa masa. Kuma duk watan Janairu akan fita a ƙirga tsuntsayen ruwa.

A hutun da ya wuce kawuna ya kai ni Baturiya. Bayan sallar asuba muka fita, domin da safe suka fi kiwo, kuma in rana ta ɗaga hazo ba ya bari a ga nesa. Ya hana ni sa farar riga, ya ce in rufe bakina, wanda shi ne ya fi ba ni wahala. Na ga balbela da zalɓe da ɗinya, amma waɗannan 'yan gida ne. Baƙuwar da na gane ita ce wata ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira garganey, namijin yana da farin zane a saman ido kamar an ja masa alli. Da wani mai kwalekwale ya matso, sai suka tashi gaba ɗaya, har na ji ƙarar fukafukansu.

Abin da ya dame ni shi ne ruwan ba ya kai na da. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu. Ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ya bushe, wani ya cika fiye da kima. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya duk suna kuka da ita, ba tsuntsaye kaɗai ba. Tsuntsun da ya sha wannan doguwar tafiya ya tarar da busasshen tafki, ina zai samu ƙarfin komawa?

Sannan mu yara ma muna da namu laifin. Ni kaina na sha harbin tsuntsu da danƙo, ban taɓa tunanin daga inda ya fito ba. Wanda duk ya je gona ko bakin rafi a wannan hunturun, ya tafi da biro da takarda, ya rubuta launin tsuntsun da ya gani, da tsawon bakinsa da na ƙafarsa, da ranar. Ya kawo wa ƙungiyarmu ranar Laraba, mu liƙa a nan allon.